Amanar Yaro a Filin Wasa

Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Ƙasa, reshen Ƙaramar Hukumar Shanono, a kan raunukan da kayan wasa ke jawo wa ɗalibai



An ɗora mini nauyin yin magana a kan wani lamari da ba mu cika tattauna shi a tarukanmu ba. Mun saba zama a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, kuma dole ne mu zauna a kansu. Yau kuwa maganar filin wasa za mu yi, da irin raunin da yaro kan samu idan turken raga ya faɗo masa, ko ƙwallo ta same shi a ido, ko dalma ta kuɓuce daga hannun abokinsa. Daga lokacin da uba ya sallami ɗansa da safe har ya dawo gida, yaron nan amana ne a hannunmu. Amanar tana bin sa har bakin fili, inda idonmu ya fi ƙaranci, haɗari kuma ya fi yawa.

Zan fara da kayan da ke yin raunin, sannan sassan jikin da suka fi shan wahala da abin da ya kamata a yi a mintunan farko, daga ƙarshe in zo kan abin da nake ganin ya wajaba reshenmu ya tsaya a kai.

Turken raga

A yawancin makarantunmu, daga cikin garin Shanono har Faruruwa da Kokiya da Leni da Tsaure, raga iri biyu ce. Akwai wadda aka kafa da itacen darbejiya ko na turare, aka gitta wani a sama aka ɗaure da igiya ko aka buga ƙusa. Akwai kuma ta bututun ƙarfe wadda mai walda ya haɗa. Kowace da cutarta. Ta itace gara ce ke cin gindinta a ƙarƙashin ƙasa, daga sama kuwa ka gan ta lafiya lau. Ta ƙarfe tsatsa ke cinye ta daidai inda ta haɗu da ƙasa, saboda nan ne ruwan damina ke kwanciya. In kuma irin wadda ake ɗagawa ce daga wuri zuwa wuri, nauyinta duk yana gaba, don haka yaro ɗaya ya isa ya kifar da ita in ya yi lilo a jikin sandar sama.

Dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun ƙayyade faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44, kuma sun shar'anta cewa lalle a kafe ta da ƙarfi a ƙasa, har da wadda ake ɗagawa. Ku auna da kanku: bututun ƙarfe mai tsawon fiye da mita bakwai ya faɗo daga sama da mita biyu a kan yaron aji uku. A jihar Illinois ta Amurka, a shekarar 2003, raga ta faɗo wa wani yaro ɗan shekara shida mai suna Zachary Tran ta yi ajalinsa. Iyayensa suka tsaya a kan maganar har jihar ta kafa doka a 2011, wadda ake kira da sunansa, ta tilasta wa masu filayen wasa su tanadi tsarin kafe raga da duba ta. Sai da aka rasa rai kafin su yi dokar. Mu kuwa labarinsu ya riga ya iso mana, kuma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gyaran ba ya bukatar kwangila. A haƙa rami mai zurfi, a zuba kankare a gindin ƙarfe. In itace ne a shafe gindinsa da baƙin mai kafin a binne, a kuma sauya shi da zarar ya fara motsi. Malamin wasanni ya riƙa girgiza ragar da hannunsa biyu a farkon kowane mako, musamman bayan ruwan sama da iska. A hana lilo a jikin raga hani mai tsanani, irin wanda ake yi wa hawan katanga. Ƙusar da ta leƙo a cire ta, bakin ƙarfen da mai walda ya bari da kaifi a goge shi.

Ƙwallo da takalmi

Ƙwallon manya, wadda ake kira lamba 5, nauyinta tsakanin giram 410 ne zuwa 450. Ga babba wannan ba komai ba ne. Amma a filayenmu yaran firamare da samarin gari ƙwallo ɗaya suke bugawa, sau da yawa ma a lokaci ɗaya. Saurayi ɗan shekara ashirin ya sako ta da dukkan ƙarfinsa, yaro ɗan shekara tara ne a tsaye a raga. Ƙashin hannun yaro bai gama ƙwari ba, shi ya sa karayar wuyan hannu ta zama ruwan dare ga ƙananan masu tsaron gida. Akwai lamba 3 da lamba 4 da aka yi domin yara, kuma su ya kamata makarantun firamare su riƙa saya. Sannan a kula da yawan iska. Idan aka kai ƙwallo wurin mai faci ya ɗura mata iska da injin tayar mota, takan koma kamar dutse. Ƙwallon da babban yatsa ba ya iya lotsa ta ko kaɗan, a rage mata iska.

Sai maganar sa kai. Jeff Astle, wani shahararren ɗan wasan gaba na ƙungiyar West Bromwich Albion a Ingila, ya rasu a 2002 yana da shekara 59 bayan ciwon mantuwa mai tsanani, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa yawan sa kai ga ƙwallon fata mai nauyi ne ya lalata masa ƙwaƙwalwa. A 2019 wani bincike na Jami'ar Glasgow ya gano cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa kai, a 2020 kuma Ingila da Sikotilan suka hana koya wa yaran firamare sa kai a lokacin atisaye. Ba ma bukatar jiran wata takarda daga sama kafin mu daina jera yaran aji huɗu muna jefa musu ƙwallo a ka don su iya. Su koyi sarrafa ta da ƙafa tukuna, lokacin kai yana zuwa.

Takalmi ma abin dubawa ne. A wasa ɗaya za ka ga yara biyu ko uku da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, sauran kuwa ƙafa a ƙasa ko da silifa. Mai takalmi bai yi nufin mugunta ba, amma duk takun da ya yi a kan ƙafar ɗan'uwansa yana iya cire farce ko tsaga fata ko karya ɗan yatsa. Tun 1990 dokar ƙwallo ta wajabta sa makarin ƙwauri ga kowane ɗan wasa. Inda ba mu da halin saya, to a daidaita: ko kowa da takalmi, ko kowa da kambas, ko a ajiye masu ƙusoshin a gefe. Mai gani ya raina makari, ya tuna da Victor Osimhen. A watan Nuwamban 2021, yana buga wa Napoli wasa da Inter Milan, suka yi karo da kai da wani mai tsaron baya, ƙashin kuncinsa da na kewayen idonsa suka karye, aka yi masa tiyata. Abin rufe fuskar da yaranmu ke sha'awa a hotunansa daga wannan raunin ya samo asali. In ɗan wasan da ya kai wannan matsayi bai ji kunyar kare jikinsa ba, yaranmu ma kada su ji.

Mashi, dalma da faifai

Waɗannan su ne kayan da ba a fito da su sai lokacin gasar wasanni ta gida-gida, kuma wannan shi ne haɗarinsu. Shekara guda suna kulle a ofishin shugaban makaranta, sai ana saura mako biyu a miƙa wa yaran da ba su taɓa riƙe su ba. Dalmar manya maza kilo 7.26 ce, ta mata kilo 4. Faifan maza kilo 2 ne, na mata kilo 1. Mashin maza giram 800 ne, na mata 600, kuma kowane ɓangarensa tsini ne. Wanda ya ruga da gudu zai ciro mashin da ya cake a ƙasa yana iya soke kansa da gindinsa, wanda ya fizgo shi ba tare da ya waiwaya ba yana iya tsone idon na bayansa.

Kada mu ɗauka rashin kayan aiki ne kaɗai ke jawo wannan. A watan Yulin 2007, a wata babbar gasa a birnin Rum na Italiya, mashin da wani zakaran Finlan ya jefa ya kauce ya soki ɗan wasan Faransa Salim Sdiri a bayansa, yana can gefe wajen dogon tsalle. Ya rayu, amma ya ji ciwo a hanta da ƙoda. A watan Agustan 2012, a birnin Dusseldorf na Jamus, wani alƙalin wasa ɗan shekara 74 mai suna Dieter Strack ya shiga fili zai auna nisan jifa a gasar matasa kafin mashin ya sauka, ya same shi a maƙogwaro, ya rasu. Mutum ne da ya daɗe yana wannan aiki. Yaron da ya yi jifan shekararsa 15, kuma zai rayu da wannan abin a zuciyarsa. Rauni irin wannan gida biyu yake shiga.

Ƙa'idar jifa a sarari take. Kowa ya tsaya a bayan mai jifa. Ba mai shiga fili sai an gama jifa malami ya busa usur. Ana ɗauko kayan ne a tafe, a kawo su a hannu, ba a jefo su daga can. Mashi a riƙe shi a tsaye, tsininsa na kallon ƙasa. Ba a yin jifa a lokaci ɗaya da gudu a fili ɗaya. A ranar gasa kuwa, da yaran gari ke cika fili suna ratsawa ta ko'ina, in ba mu da igiya da mutanen da za su tsare wurin jifa, to a ɗage shi zuwa wata safiya da babu 'yan kallo. Kofin da za a ci bai kai ran yaro ɗaya ba.

Shi kansa filin yana cikin kayan wasa. Makarantunmu da yawa ana noma gefen filinsu da damina, bayan girbi sai a bar tushiyar kara a tsaye kamar ƙusoshi. Da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri, ramin dogon tsalle kuwa in ba a zuba sabon yashi an kaftu shi ba, daidai yake da tsalle a kan daɓe. Ga fasassun kwalabe, ga duwatsun da yara ke jerawa a matsayin raga su tafi su bar su. Minti biyar na tsintar fili kafin a fara wasa, yara a jere daga wannan gefe zuwa wancan, yana hana ciwo mai yawa.

Idan abin ya auku

Duk yadda aka kiyaye, wata rana za a samu rauni. Abin da malami ya yi a rubu'in awa na farko shi ke raba tsakanin ciwon da zai warke da wanda zai zama nakasa.

Na fara da kai. Yaro na iya buguwa a ka bai fashe ba, bai suma ba, amma ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Alamunsa jiri, ciwon kai, ganin dishi-dishi, rikicewa, ko ya kasa tuna abin da ya faru. Duk yaron da aka ga haka a tare da shi, ya bar wasa a ranar, ko da shi ne gwanin makaranta, ko da ya rantse ya warke. Abin da ya fi ban tsoro shi ne bugun da ya samu gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Yaro kan tashi ya yi magana har ya koma gida da ƙafarsa, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, bayan 'yan awoyi sai ya fara amai, barci ya rinjaye shi, a tashe shi ya ƙi tashi. Saboda haka duk yaron da ya bugu a ka, malami ya raka shi gida ko ya kira uban a waya, ya faɗa musu abin da za su lura da shi a wannan dare: amai, ciwon kan da ke ƙaruwa, barci mai nauyi, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne ko hanci. In an ga ɗaya daga ciki, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye. Yaro ba zai faɗa da bakinsa ba, don yana tsoron a hana shi ƙwallo.

In kuma ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi cak, kada a zaunar da shi a kan babur. Mutum ɗaya ya riƙe kan a miƙe da jiki, a samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a ɗora shi gaba ɗaya. A Ostireliya, a watan Nuwamban 2014, ƙwallon kurket ta samu Phillip Hughes a wuya, ƙasa kaɗan da inda hular kwanonsa ta tsaya, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 25. Wuya wuri ne da ba a wasa da shi.

Na biyu ido. Mutane kan ɗauka ƙwallon ƙafa ta fi ramin ido girma, don haka ba za ta taɓa ƙwayar ba. Amma idan ta bugi fuska takan lotsa, wani sashe nata ya shiga ramin ya matse idon. Jini na iya taruwa a gaban baƙin ido, ko fatar da ke can ciki mai ɗaukar hoto ta ɓalle. Kada a murza, kada a hura, kada a ɗiga ruwan sukari ko nonon uwa ko tozali ko ragowar maganin wani. A kifa gindin kofin roba mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a manne, a kai shi wurin likitan ido. Muna da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Kwana ɗaya na jinkiri na iya zama sanadin rasa ido.

Na uku ciki da ƙirji. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro na kumbura wa yara da yawa saifa, saifar da ta kumbura kuwa ba ta da wuyar fashewa. Ƙwallo ko gwiwa ko sandar raga ta bugi yaro a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, daga waje ba a ga komai ba, amma jini na zuba a ciki. In ya fara yin fari, gumi mai sanyi na karyo masa, yana kukan ƙishirwa da jiri, ko yana jin ciwo a kafaɗar hagu, kada a ba shi ruwa ko abinci, a kwantar da shi a garzaya da shi asibitin da ake tiyata. Bugun ƙirji kuma, in ya zo daidai wani ɗan taƙi na bugun zuciya, yana iya tsayar da ita nan take. Yaron da ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, yayin da wani ke neman mota. Yayyafa ruwa da fifita ba sa tayar da zuciyar da ta tsaya. Haka nan yaron da ƙwallo ta samu a maraina, in ciwon bai lafa ba bayan ɗan lokaci ko wurin ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar. Kunya kan sa yara su ɓoye wannan har a makara, don haka malami namiji ya ja shi gefe ya tambaye shi.

Na huɗu ƙashi. A nan ina son in yi magana da ladabi, domin masu ɗori mutanenmu ne, gidajensu sanannu ne, kuma jama'a sun amince da su tun kaka da kakanni. Amma likitocin asibitin ƙashi na Dala sun sha ganin yaran da aka ɗaure musu karaya tamau da karare, wurin ya kumbura, jini ya daina gudana, hannun ya mutu har sai da aka yanke. Aikin malami shi ne ya tallafe gaɓar da katako ko kwali yadda ba za ta motsa ba, ɗauri sassauƙa, kada ya ja, kada ya murɗa, ya kuma roƙi iyaye a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin komai. In an riga an yi ɗori, a faɗa wa iyaye su duba yatsu: in sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko yaro ya daina jin su, ko ciwon ya hana shi barci, a kwance a tafi asibiti. Karayar gwiwar hannu da wadda ƙashi ya huda fata ba na gida ba ne ko kaɗan.

Sauran ƙanana ne, amma kullum muke haɗuwa da su. Ciwon da ke zubar da jini a danne shi da tsumma mai tsabta, in ya tsaya a wanke da ruwa da sabulu. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. In tsatsattsen ƙarfe ko ƙusa ko tushiyar kara ce ta yi ciwon, a kai yaro a yi masa allurar rigakafin cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Abin da ya cake ya zauna a jiki, ba a zare shi a fili, a tallafe shi da tsumma a tafi da shi a haka. Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti goma. Haƙorin girma da ya fita, a riƙe shi ta sama ba ta saiwa ba, a jefa shi cikin madara, a kai yaro wurin likitan haƙori cikin awa guda, sau da yawa yana komawa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Na san abin da wasunmu ke faɗa a zuci: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mai jayayya da ƙaddara. Amma manomin da ya yi imani da ƙaddara shi ne dai yake shinge gonarsa, yake ɗaure akuyarsa da damina. Ragar da gara ta cinye wata uku muna wucewa ta gefenta, ranar da ta faɗo ba za mu iya kallon idon mahaifin yaron mu ce tsautsayi ne kawai ba.

Na kuma san wani shugaban makarantar zai ce, to a kulle ƙwallo a huta. Wannan ba mafita ba ce. Yaron da aka hana wasa a makaranta zai je ya yi a bakin titi ko a kangon da ba mai duba shi. Wasa yana cikin manhaja, yana gina jiki, yana koya wa yaro bin doka da haƙurin shan kaye, kuma da yawa daga cikin yaranmu ƙwallon ce ke dawo da su aji bayan tara. Jihar da ke karɓar baƙuncin gasar Kofin Ramat, jihar Kano Pillars, bai dace a ce makarantunta sun rufe filayensu don tsoro ba.

Akwai kuma maganar kare kanmu. Idan yaro ya ji ciwo, ba a tambayar wanda ya ƙi sakin kuɗin gyara. Malamin da ke tsaye a fili shi ake kira wurin mai gari, shi ake kaiwa ofishin 'yan sanda, shi ake yi wa takardar tuhuma. An kafa wannan ƙungiya tun 1931 domin kada malami ya tsaya shi kaɗai, kuma wannan na cikin wuraren da bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Saboda haka ina gabatar wa reshe da shawarwari biyar.

Na ɗaya, kowace makaranta ta buɗe littafi guda na filin wasa. A rubuta ranar da aka duba raga da fili da wanda ya duba, a rubuta duk raunin da aka samu, lokacinsa, abin da aka yi, da wanda aka sanar. Duk kayan da suka lalace a sanar da Hukumar Ilimi ta ƙaramar hukuma a rubuce, a ajiye kwafi. Wannan littafin kariya ne ga yaro, shaida ce ga malami.

Na biyu, reshe ya nemi sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko Ƙungiyar Red Cross su ba mu horon taimakon gaggawa, aƙalla malamai biyu daga kowace makaranta, mace da namiji inda akwai, domin 'yan mata su samu wadda za su faɗa wa ciwonsu.

Na uku, akwatin taimakon gaggawa ya zama da kaya a ciki: bandeji, auduga, filasta, safar hannu, sabulu, almakashi. A kai shi bakin fili duk lokacin wasa. Akwatin da ke kulle a ofis, mabuɗin na aljihun wanda ya tafi karɓar albashi, ba shi da amfani.

Na huɗu, kowace makaranta ta san tun yau wa zai ɗauki yaro in an samu matsala, da wace mota, zuwa ina. A samu lambar direba ɗaya ko biyu a gari, a san asibitin da ya fi kusa, a san lokacin da za a wuce kai tsaye Gwarzo ko Bichi ko Kano. A rubuta lambobin iyaye a rajista, a kuma san yaran da ke da sikila ko farfaɗiya ko asma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, mu zauna da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da shugabannin samarin da ke amfani da filayenmu da yamma. Buhun siminti ɗaya ko biyu da aikin gayya na rana guda sun isa su kafe ragar makaranta. A kowane gari akwai mai walda da magini da ɗansu ke cikin ajinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ne za mu fara kiran mutane.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a gida, musamman iyaye mata, ku ne kuke ganin yaro da dare. In ya dawo ya yi shiru, ya ƙi tuwo, yana dafe kai ko ciki, ku tambaye shi cikin lumana ko ya bugu a wurin wasa. In kuka fara da faɗa, zai ɓoye.

'Yan'uwana malamai, ranar Litinin in Allah Ya kai mu, kafin a buga ƙararrawar tara, kowannenmu ya taka zuwa filin makarantarsa ya kama turken raga da hannu biyu ya girgiza. In ya motsa, kada a buga ƙwallo a wurin sai an gyara.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.